Gobe da Nisa: Saran Kububuwa da Tazarar Asibiti a Karkara

Ba a banza Hausawa suka yi wa kububuwa laƙabi da "gobe da nisa" ba. Wannan ƙaramar macijiya, wadda masana ke kira Echis ocellatus, ita ce ta fi kowane maciji kisa a dazuzzukan Afirka ta Yamma. Ta yawaita a kwarin Binuwai da duwatsun Kaltungo na jihar Gombe, kuma manoma da makiyaya ta fi sara, musamman da damina da lokacin girbi.

Domin mai karatu ya gane abin da ya sa nisan asibiti yake da haɗari, sai mu fara duba aikin dafin a jiki. A cikin jinin mutum akwai sinadarai masu sa shi ya daskare idan an ji rauni. Dafin kububuwa yakan tayar da su gaba ɗaya, su yi ta aiki ba bisa ƙa'ida ba har su ƙare. Daga nan jini ya daina daskarewa. Dasashi ya fara zubar da jini, tsofaffin miki su buɗe, a ga jini a fitsari. Idan ya tsiyaya cikin ƙwaƙwalwa, rai yakan salwanta. Wanda aka sara zai iya yin kwana guda yana hira da mutane alhali ɓarnar tana ci gaba, shi ya sa dangi kan yi sakaci.

Gano wannan matsala ba ya bukatar babban ɗakin bincike. Ma'aikacin lafiya zai zuba ɗan jinin majiyyaci a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, ya ajiye minti 20, sannan ya karkata ta. Idan jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jiki. Kowane ƙaramin asibitin ƙauye zai iya yin wannan gwaji.

Magani kuwa shi ne makarin dafi. Ana samunsa ne ta hanyar yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan, sannan a tace garkuwar da jininsu ya samar. Makarin da aka yi da dafin macizan Indiya bai cika yin tasiri a kan kububuwarmu ba, shi ya sa aka samar da EchiTAb da dafin macizan Nijeriya, ana haɗa shi a Birtaniya da Kosta Rika. To amma yana da tsada, yana bukatar firiji, kuma a wurare ƙalilan ake samunsa, irin su asibitin saran maciji na Kaltungo da na Zamko a jihar Filato. Manomin da ke nesa sai ya nemi babur, ya keta hanyar da ruwa ya ɓata, ya kuma sayar da akuya kafin a yi masa allura.

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta ƙudiri aniyar rage mace-macensa da rabi kafin 2030. Wannan buri ba zai cika ba sai makarin ya isa ƙananan garuruwa.

Kafin nan, ga abin da ya wajaba. Kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da awarwaro, a hana majiyyaci takawa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.