Tarakta Ta Iso, Ina Malamin Gona?

A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga ƙasar Belarus. Kafin nan ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a Yulin 2023, ya kuma kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024. Duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa, muhawarar da ke biyo baya ba ta wuce ta kuɗi da ƙarfe: nawa aka kashe, wace jiha za ta samu nawa. Da wuya ka ji an tambayi wanda zai gaya wa manomi irin da ya dace da ƙasarsa, ko wanda zai gyara injin idan ya tsaya a tsakiyar damina. A gidajenmu kuwa, yaro ya nemi likitanci jami'a ta ba shi aikin gona, sai ka ga har jaje ake yi wa uwarsa. "Shekara biyar a jami'a don ka koma riƙon fartanya?"

Wannan gurguwar fahimta ce. Digirin aikin gona shekara biyar ne, ɗaya daga ciki ɗalibi a gona yake yin ta, yana shuka yana kiwo da hannunsa. Akwai ɓangaren ƙasa da taki, da na tsirrai da cututtukansu, da na dabbobi, da na tattalin arziki da wayar da kan manoma. Likitan dabbobi shekara shida yake yi. Wanda bai samu jami'a ba, ga kwalejojin difloma irin su ta Samaru, da ta Mando a Kaduna, da Kwalejin Audu Baƙo da ke Dambatta. Aiki kuma ya wuce ma'aikatar gona: kamfanonin iri, masana'antun abincin kaji, injinan casar shinkafa, Bankin Manoma, inshorar amfanin gona, da 'yan kasuwar Dawanau masu fitar da riɗi da zoɓo waje, waɗanda dole su nemi wanda ya san gwajin ingancin kaya.

Amma aikin da ya fi damuna shi ne wanda muka bari ya mutu a hannunmu, wato aikin malamin gona.

Tashar bincike ta Samaru ta fara aiki tun 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga can ne irin gyaɗa da dawa da masara da wake masu ɗauke da sunan SAM a farkonsu suka fito. Sai dai iri ba ya tafiya ƙauye da ƙafarsa. Malamin gona ne ke ɗaukarsa a bayan keke ko babur, ya roƙi wani manomi ɗan fili a bakin hanya, ya yi gonar gwaji. Ya ja igiya, ya auna tazarar kunya, ya zuba ƙwaya biyu a rami, ya nuna yadda ake tona ɗan rami a gefen shuka a binne taki maimakon a watsa shi rana ta cinye. Ba ya gardama da kowa. Idan kaka ta yi, masu wucewa kasuwa su ne za su tsaya su ƙirga damman da aka ɗaure, su kwatanta da na gonar da ke maƙwabtaka.

A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa shirye-shiryen raya aikin gona a Funtuwa da Gusau da Gwambe da tallafin Bankin Duniya. Su ne suka haifi hukumomin jihohi irin su KNARDA a Kano. Yadda masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama amfanin da ake loda wa tirela a Dandume da Giwa da Saminaka, akwai hannun waɗannan malamai a ciki, tare da sabon iri da takin zamani da hanyoyin karkara da aka gina. Daga baya ƙungiyar Sasakawa ta shigo a farkon shekarun 1990 ta bi wannan sawu. Da kuɗin Bankin Duniya ya ƙare, jihohi da dama suka ja hannu. Tsofaffin malamai suka yi ritaya, ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba, babura suka lalace, kuɗin mai ya daina fita.

To wa ya gaji kujerar? Mai shagon maganin feshi. Shi ne yanzu ke duba ganyen da manomi ya tsinko ya kawo a aljihu, shi ke faɗin cutar, shi ke sayar da maganin. Ba na zargin kowa da mugun nufi, amma mai kaya ba zai ce maka kada ka saya ba. Sakamakon yana bayyane. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan guba irin ta fiya-fiya da ake zuba masa don kashe ƙwari, alhali akwai buhu mai hawa uku da ke toshe iska ya kashe ƙwaron ba tare da ɗigon magani ba. A 2016 tsutsar nan da manoman Kadawa ke kira sharon ta share gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, mutane na ta ninka feshi tsutsar na cikin ganye ba ta ko ji. A ƙarshen 2019 Samaru ta fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso. Ana ta cece-kuce a kansa a rediyo da Facebook saboda an sauya masa ƙwayar halitta, masu goyon baya da masu suka, amma manomin da zai shuka shi sau da yawa bai samu wanda ya zauna da shi a gindin bishiya ya yi masa bayani ba.

Ga kuma matan da ke cikin gida, masu kiwon awaki da kaji, masu ƙuli-ƙuli da turara shinkafa. Namiji baƙo ba zai shiga wurinsu ba. Malamar gona ce za ta shiga, ta nuna musu lokacin rigakafin kaji kafin hunturu ya kwashe su. Iyayen da ke hana 'ya'yansu mata wannan karatu su duba wannan giɓi da kyau.

Su ma makarantun da sauran aiki a gabansu. Ɗalibin da ya gama bai taɓa haɗa garma da tarakta ba, bai iya lissafin ribar kadada ɗaya ba, manomi zai gane shi tun a gaisuwar farko. Gonar makaranta ta zama gona ta gaske, wadda ake sayar da amfaninta ɗalibai su ga littafin shiga da fita.

Gwamnonin jihohi kuwa, su fito su faɗa wa jama'a malaman gona nawa ke cikin albashin jiharsu, nawa ne daga ciki suka kusa ritaya, kuma yaushe rabon da a ɗauki sababbi. Masu takardar karatun gona suna nan, da yawansu na tuƙa a-daidaita-sahu a Zariya da Kano.