Farmakin Firgici da Hanyoyin Shawo Kansa Ba Tare da Shan Magani Ba: Nazari Daga Ƙasar Gaya da Ajingi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wata larura wadda muka kira farmakin firgici, watau faɗuwar gaba mai tsanani da kan auka wa mutum farat ɗaya alhali babu wani abin tsoro a gabansa. Za mu duba yadda take aukuwa a jiki, da dabarun kwantar da ita ba tare da ƙwaya ko allura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun kulawa. Ƙaramar Hukumar Ajingi, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da dubu 170, ƙasar manoma ce, kuma mai neman likitan ƙwaƙwalwa yakan dangana da Asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Saboda haka malamin makaranta da iyaye su ne kan fara tarar wannan larura.

2.0 Abin da Ke Faruwa a Jiki

Tun a shekarar 1915 Walter Cannon, wani masani a Amurka, ya bayyana yadda jiki kan shirya wa faɗa ko gudu in ya hangi haɗari. Wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, gumi ya karyo. Wannan shiri rahama ne ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona. Farmakin firgici kuwa shi ne tashin wannan shiri a inda babu macijin.

Saurin numfashi kan rage iskar kabon da ke cikin jini, daga nan jiri da tsuke ƙirji da mutuwar yatsu su biyo baya. A shekarar 1986 David Clark na Ingila ya nuna cewa fassarar da mutum ke yi wa waɗannan alamu ita ke hura wutar: ya ji bugun zuciya, ya ɗauka ajali ne, tsoro ya ƙaru, bugun ya daɗu. Galibi abin kan kai ƙololuwa cikin minti 10, ya lafa cikin minti 20 zuwa 30.

A ƙauyukanmu fassarar da ta fi kusa da baki ita ce iskoki ko sammu. Ba mu zo yin jayayya da aƙidar kowa ba, amma mun lura cewa taruwa a kan ɗaliba ana salati da ƙarfi, ana turnuƙa mata hayaƙi, ƙara mata tabbaci ne cewa tana cikin halaka.

3.0 Dabarun Lokacin Farmaki

Na farko, a janye taron jama'a, a bar mutum ɗaya wanda aka amince da shi, mace ga mace, ya yi magana a hankali cewa wannan firgici ne kuma zai wuce.

Na biyu, a daidaita numfashi. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, har ciki ya ɗago, sa'an nan a fitar da ita ta baki ana ƙirga shida. Tsawaita fitar numfashi kan sassauta bugun zuciya, ya kuma mai da iskar kabon matsayinta. Tsohuwar dabarar nan ta numfashi cikin jakar takarda likitoci sun daina ƙarfafa ta, domin tana iya cutar da mai asma ko mai ciwon zuciya.

Na uku, a komo da hankali ga abin da ke kewaye. A ce wa mai firgici ya ambaci abubuwa biyar da yake gani, huɗu da yake taɓawa, uku da yake ji da kunne. Shafa ruwan randa mai sanyi a fuska shi ma kan rage bugun zuciya, kuma jan carbi a tsanake, in an haɗa shi da numfashi mai tsawo, kan ba hankali abin riƙewa.

Na huɗu, in hali ya yi, kada a gudu daga wurin. Ɗalibin da ya fice daga ɗakin jarrabawa ya ji sauƙi, zuciyarsa kan yanke cewa ɗakin ne haɗarin, gobe kuwa shiga sai ta fi wuya.

4.0 Dabarun Rigakafi

Dabarun da muka ambata sai an saba da su a lokacin lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Minti biyar na motsa numfashi safe da yamma ya isa mafari. Haka nan akwai hanyar da Edmund Jacobson ya wallafa a 1929, watau a ɗaure tsokar gaɓa ɗaya na ɗan lokaci sa'an nan a sake ta, daga ƙafa har zuwa fuska.

Goro da shayi mai kauri da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda kan tayar da bugun zuciya, kuma ɗalibai sun fi shan su a daren karatun jarrabawa, lokacin da barci ma ya ƙaranta. Rage su, da samun isasshen barci, da tafiyar ƙafa ko aikin ƙarfi a kai a kai, duk suna taimakawa. Wanda tsoro ya riga ya raba shi da kasuwa ko motar haya, a mai da shi sannu a hankali: yau bakin kasuwa tare da ɗan'uwa, jibi cikinta, har ya iya shi kaɗai.

5.0 Iyakar Waɗannan Dabaru

Wajibi ne mu ja kunne. Ciwon zuciya, asma, ƙarancin jini, faɗuwar sukari, cutar maƙoƙo da farfaɗiya duk suna iya kama da firgici. Don haka wanda abin ya sama karo na farko a kai shi asibiti, ko da Babban Asibitin Gaya ne, a tantance. Ciwon ƙirji mai sauka hannu, ko suma, ko tunanin kashe kai, ba su jiran gobe. Wanda likita ya ɗora a kan magani kuma kada ya yanke shi da kansa, domin yankewa farat ɗaya kan dawo da larurar da ƙarfi.

6.0 Kammalawa

A shekarar 1954 Dokta Thomas Lambo ya kafa tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda marasa lafiya ke zaune tare da danginsu ana yi musu magani, ya nuna cewa al'umma na da rawar takawa. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar 1958, ta buɗe ƙofar ci gaba da wannan tafarki. Bisa ga haka muna ba da shawarar kwalejojin ilimi su sanya waɗannan dabaru cikin darasin jagoranci da ba da shawara, a rubuta su da Hausa mai sauƙi, a kuma haɗa kai da limamai da ma'aikatan ɗakunan shan magani, ta yadda malamin da aka tura Ajingi zai san abin yi ranar da ɗalibarsa ta dafe ƙirji a tsakiyar aji.