Amana tsakanin abokai biyu

A shekara ta 1913 Alain-Fournier, ɗan malamin lakwal a ƙasar Faransa, ya wallafa Le Grand Meaulnes, labarin samari biyu na ƙauye: François mai natsuwa, da Meaulnes mai ƙafar yawo.

Meaulnes ya auri Yvonne wadda ya daɗe yana bida, amma kashegari ya bar gida don cika alkawarin da ya yi wa ɗan'uwanta. Ta rasu bayan haihuwa. François ya reni ɗiyar har ubanta ya komo, sa'an nan ya gane ita ma ba tasa ba ce.

Marubucin ya mutu a fagen yaƙi a 1914, yana da shekara 27. Mai karatu, wa za ka bar wa ɗiyarka amana?