Kofin ƙwai: ɗan abin da wasu Turawa ke yawon kasuwa suna tarawa

A Maradi ko Damagaram, mai son dafaffen ƙwai ɓare shi yake yi da hannu, ya dangwali yaji, shi ke nan. Shi ya sa wanda ya fara ganin ɗan kofin da Faransawa ke kira coquetier yakan ɗauka na shan magani ne ko na zuba gishiri. Aikinsa ɗaya ne tak: riƙe ƙwai a tsaye. A Faransa, Ingila da Jamus ana dafa ƙwai na kamar minti 3, farin ya kama amma gwaiduwar tana ruwa. Irin wannan ba ya ɓaruwa a hannu. Sai a ɗora shi bisa kofin, a fasa kansa, a ci da ƙaramin cokali ko a riƙa tsoma siraran yankan burodi.

Wannan ɗan kofi yana da masu tara shi, wasu da ɗaruruwa, wasu da dubbai a jere cikin kabad mai madubi. Duk wanda ya san jeren tasoshi da kwanukan ɗakin amarya ba zai yi mamaki sosai ba. Bambancin shi ne su tsoho suke nema, kuma tsufan ne ke sa kuɗi.

Abin ya daɗe. An tono kofunan ƙwai na azurfa a Pompeii, garin Italiya da aman dutsen wuta ya binne a shekara ta 79. A Faransa kuwa ana danganta yaɗuwarsa da sarki Louis na 15, wanda ya yi mulki daga 1715 zuwa 1774. An ruwaito cewa ya ƙware wajen fille kan ƙwai da bugu ɗaya na cokali mai yatsu, har mutanen Paris kan je fadar Versailles ranar Lahadi don kallon haka. Abin da sarki ya yi, masu hali suka kwaikwaya. Daga baya, a ƙarni na 19, masana'antu suka riƙa fitar da tangaran da yawa cikin rahusa, kofin ya shiga gidan talaka, otal-otal da jiragen ƙasa.

Daga nan ne siffofi suka yawaita. Akwai mai ƙafa ɗaya kamar turmi, akwai marar ƙafa mai kama da ɗan bokiti, akwai wanda aka haɗa da farantinsa. A Amurka an fi sanin mai baki biyu: ƙaramin baki na riƙe ƙwai da ɓawonsa, in aka kifa shi kuma babban bakin ya zama wurin juye ƙwan a gauraya. Sai na ado, masu siffar kaza, agwagwa, zomo ko fuskar mutum, waɗanda aka fi yi domin yara. A Faransa har yanzu akan ba jariri kyautar na azurfa ranar baftisma, a zana sunansa a jiki.

Amma gwanin tarawa ba adon yake fara dubawa ba. Kifa kofin yake yi ya duba gindinsa, domin a nan ne hatimin masana'anta yake, kuma a nan ne ake cin riba ko a tafka asara. Takubba biyu shuɗɗa da suka gitta juna alamar Meissen ce ta Jamus, wadda aka kafa a 1710. Sunan Limoges yana nuna garin da ya shahara da farin tangaran tun bayan da aka gano farar ƙasar yinsa a Saint-Yrieix a 1768, sai dai Limoges gari ne mai masana'antu da dama, don haka sunan kaɗai ba ya nuna tsufa ko tsada. Mutane da yawa sun faɗa wannan rami.

Wani lokaci rubutun gindin kan faɗi shekaru. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da aka ƙera kaya. Saboda haka kayan Japan masu ɗauke da kalmar Nippon galibi na tsakanin 1891 da 1921 ne, masu rubutun Occupied Japan kuma na ƴan shekarun bayan yaƙin duniya na biyu ne, kafin mamayar Amurka ta ƙare a 1952. Waɗannan hatimai sun samu masu nema, kuma daidai saboda haka ne ƴan damfara suka koyi buga su a kan sababbin kaya.

Na ƙarfe ma da nasu tarkon. Azurfar Faransa ta gaske tana ɗauke da ƙaramin tambarin kan Minerva tun daga 1838, ta Ingila kuma tana da zaki mai tafiya. In aka ga haruffan EPNS, to ruwan azurfa ne kawai aka shafa wa wani ƙarfe. Yana iya yin kyau a ido, amma kuɗinsa bai kai na azurfa ba ko kusa.

Sai lafiyar kofin. Ƴar tsaga kamar silin gashi, ko ɓalli a baki, tana karya farashi sosai. Masu saye kan shafa bakin da yatsa, su ɗaga shi ga haske, wasu su ƙyasta shi da farce: lafiyayyen tangaran yana ƙara tas, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take.

Gaskiyar da masu sayarwa ba su cika faɗa ba ita ce mafi yawan tsofaffin kofunan ƙwai ba su da tsada. An yi su ne da yawan gaske, kuma ana samun su da ƴan kuɗi kaɗan a kasuwannin gwanjo irin ta Saint-Ouen a bakin Paris, ko babbar kasuwar Lille da ke ci farkon watan Satumba. Masu tsada ƙalilan ne: na manyan masana'antu irin su Sèvres da Meissen, na azurfa tsantsa, da cikakken saiti wanda har yanzu yake tare da mariƙinsa da cokulansa, babu ko ɗaya da ya ɓace.