Inda ake sakin karnuka a birnin New York

A birnin New York na ƙasar Amurka, doka ba ta yarda a fita da kare ba sai yana ɗaure da igiyar da tsawonta bai wuce ƙafa 6 ba. To amma akasarin mazauna birnin a gidajen sama suke zaune, ba su da tsakar gida, kare kuwa dabba ce mai bukatar guje-guje. Hakan ya sa hukumomi suka ware wuraren da ake kwance masa igiya.

Wuraren iri biyu ne. Na farko fili ne da aka kewaye da shinge, galibi mai ƙofa biyu a jere, ta yadda sai an rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki, don kada wani kare ya sulale. An fara irin wannan fili ne a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a 1979, New York kuma ta samu nata na farko a 1990, a dandalin Tompkins Square.

Na biyun ba shi da shinge, agogo ne iyakarsa. A wasu sassa na manyan wuraren shaƙatawa, ana iya sakin kare daga ƙarfe 9 na dare zuwa lokacin rufewa, da kuma daga lokacin buɗewa zuwa ƙarfe 9 na safe. A Prospect Park da ke Brooklyn har da bakin ruwan da karnuka ke iyo. Hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta birnin tana wallafa jerin wuraren a shafinta na intanet, akwai kuma alluna a mashigai.

Wannan tsari na lokaci dai shi ne ya fi janyo ce-ce-ku-ce. An shafe kusan shekaru 20 ana bin sa ba tare da an rubuta shi a doka ba, har wata ƙungiyar mazauna unguwa a yankin Queens ta kai ƙara a 2006, tana mai cewa ana jefa jama'a cikin haɗarin cizo. Masu karnuka kuwa suka ce zirga-zirgarsu da daddare ce ta kori ɓata-gari daga wuraren. Kotu ta yi watsi da ƙarar, aka kuma mayar da tsarin doka a 2007.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Wajibi ne kare ya kasance da lasisi da shaidar allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma mai shi ya kwashe kashinsa, ko ya biya tarar dala 250. Filayen wasan yara da na ƙwallo haramtattu ne ga karnuka ko da yaushe, abin da ke bai wa iyalan da ba sa son cuɗanya da kare, ciki har da Musulmi da dama, damar sanin inda za su zauna hankali kwance.

Ba kowa ne ke kiyayewa ba. A watan Mayun 2020, wani baƙar fata mai kallon tsuntsaye ya nemi wata farar fata ta ɗaure karenta a wani sashe na Central Park da aka hana sakin karnuka. Matar ta kira 'yan sanda tana cewa yana yi mata barazana. Hoton bidiyon da mutumin ya ɗauka ya bazu a duniya, washegari kuma kamfanin da take yi wa aiki ya sallame ta.