Dundumin da hanta ba ta warkarwa

Da an ga yaro yana lalube bayan magariba, sai a ce dundumi ne, a ba shi hanta. Idan ƙarancin bitamin A ne sanadi, yakan samu sauƙi cikin ƴan kwanaki. Amma akwai dundumin gado, wanda tushensa ke cikin tantanin bayan ido, wurin da haske ke sauka. Shi kam abinci ba ya kawar da shi.

Na farko shi ne retinit figmanter, mai kama kimanin mutum 1 cikin 4.000. Yakan soma tun ƙuruciya, yana ƙaruwa sannu a hankali, ganin gefe yana tsukewa har mutum ya zama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Na biyu da shi ake haihuwar yaro, ba ya gaba, ba ya baya. An bi sawunsa cikin zuriyar Jean Nougaret, wani mahaucin kudancin Faransa da aka haifa wajen 1637. Na uku, koroyideremi, maza yake kamawa, ta wajen uwa suke gadonsa. In kuwa dundumi ya haɗu da kurumta, cutar Usher ake zato.

Saboda haka likitan ido yakan tambayi lokacin da ciwon ya fara, ko yana ƙaruwa, ko akwai mai shi cikin dangi, ko auren zumunci iyaye suka yi, kana ya duba bayan ido. Ganewa da wuri ita ke sa a shirya wa yaro karatu da sana'a tun ganinsa bai ragu ba.