Mu Kare Sunan Ekklisiya Daga Wasiƙun Ƙarya



Yawancin gudummawar da muke samu domin haƙa rijiyoyi, sayen magunguna da taimakon gwauraye da marayu, ta imel ake shirya ta. Amma tun asali tsarin imel ba ya tabbatar da sunan mai aikawa. Kamar ambulan yake, kowa na iya rubuta sunan wani a kai. Ɗan damfara zai iya aika saƙo da adireshin ofishinmu, ya ce wa masu taimako an canza lambar asusun banki. Kuɗin marayu su tafi, sunan ekklisiya kuma ya ɓaci.

Maganin wannan shi ne bayanai uku da ake sawa a DNS, wato rajistar da ke riƙe da sunanmu na intanet, wanda ke bin alamar @ a adireshi.

Na farko shi ne SPF. Jerin kwamfutocin da muka yarda su aika saƙo da sunanmu ne. Yana farawa da v=spf1, kuma guda ɗaya kawai ake sawa. In aka sa biyu, ba zai yi aiki ba.

Na biyu DKIM. Hatimi ne da ake buga wa kowane saƙo da mabuɗin sirri. Mai karɓa yana gwada shi da mabuɗin da muka ajiye a rajista. In an taɓa saƙon a hanya, hatimin ba zai dace ba.

Na uku DMARC, wanda aka fito da shi a 2012. Shi ke gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi gwaji. A fara da p=none, a riƙa duba rahoto na wasu makonni domin kada a toshe saƙonninmu na gaskiya. Daga nan a koma p=quarantine, a ƙarshe p=reject, wanda ke ƙin saƙon gaba ɗaya.

A Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta waɗannan ga masu aika saƙonni da yawa. Muna roƙon fastoci da sakatarori su nemi wanda ke kula da imel ɗinsu ya sa su.

Duk da haka, ɓarawo na iya yin rajistar suna mai kama da namu. Kafin ku tura kuɗi zuwa sabon asusu, ku buga waya ku tabbatar.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.